Randunan Kifinka

Zuwa ga maigidana, Baban Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama, ya yalwata maka makwanci. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Ko da kana raye ma ai ba karantawa za ka yi ba, jujjuya ta za ka yi ka miƙo mini ka ce idonka na yaji, yadda kake yi da wasiƙun 'yarmu Rabi. Amma magana ta taru mini a ƙirji, kuma duk wanda na fara gaya wa sai ya ce in yi haƙuri tun ban kai ƙarshe ba. Kai kaɗai ne ba za ka katse ni ba.

Takabata ta kusa ƙarewa. Yayana Audu ya iso daga Gashuwa tun makon jiya, ya sauka wajen ƙaninka Habu, ya ce ba zai koma ba sai da ni. Rabi ma ta aiko cewa ta share mini ɗaki. Tun ranar da aka fara wannan magana amsa ɗaya nake ba su, ba inda zan je in bar kifayenka. Yaya ya dube ni sama da ƙasa, ya ce bai taɓa jin mace da hankalinta ta zauna a garin da ake harbi saboda kifin da ko miya ba ya yi ba. Ban ga laifinsa ba. Shekara nawa na yi ina gaya maka haka?

Labarin garinmu Injamena kuwa, harbi ya lafa amma hankali bai kwanta ba. 'Yan tawaye sun koma gabas, kullum kuma ana cewa suna hanya. Waɗanda suka gudu Kusuri, can tsallaken iyaka, sun dawo, wasu sun tarar da gidajensu ko ƙyaure babu. Da tayar mota ta fashe sai ka ga mata sun ɗaure kaya sun nufi gadar Ngeli da yara a goye. Kasuwar Dembe ta buɗe, Habu ne a kan teburinka. Yana ƙoƙari, sai dai masu sayen nama na cewa yana cika musu ƙashi. Wutar lantarki sai ta ga dama. Famfo yakan yi kwanaki yana tari, in kuma ya kawo ruwa warin jabel, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, har hawaye yake sa mutum, wai an ƙara magani don gudun amai da gudawa.

Ka tuna ranar da ka shigo da akwatin gilashin nan a kan pus-pus, kurar nan ta turawa, ka tsinto shi cikin gwanjon kayan wani Bature da ya tashi? Na ɗauka kabad ne na jera kwanuka, har na fara yi maka godiya. Ashe gidan kifi ne. Mahauci guda, mutumin da ke wuni cikin jini da tumbi, ya dawo gida ya durƙusa gaban wasu kifaye da ba su fi yatsa ba yana yi musu hira. Na farkon duk suka mutu, don ka tara musu ruwa daga famfo ka zuba kai tsaye. Ranar ko tuwo ba ka ci ba. Ka yi ta cigiya har ka samo mutumin da ya yi wa Baturen aiki, ka dawo da karatu sabo fil.

Daga nan randunan nan uku suka shigo rayuwata. Ka jera su a inuwar katanga, ka ce ruwan famfo ɗanye ne, akwai magani a ciki mai shaƙe kifi, sai an bar shi ya kwana ya sake kwana da baki a buɗe, maganin ya fita da kansa. Ba a rufe su da faifai, sai da yankin gidan sauro, don iska ta shiga sauro kuma kada ya yi ƙwai. Ɗaya sabon ɗiba, ta tsakiya tana cikin kwananta, ɗaya ta isa. In ka kwashe wadda ta isa sai ka cika ta, ta koma ƙarshen layi. Safe da yamma ka ɗebo da moɗa ka ɗaga hannu sama ka tsiyaya, ka sake, kamar mai shayi. Moɗar ma tasu daban ce, ba ta san sabulu ba. Ranar canji kuma ba ka zubawa daga randa kai tsaye, tunda randa na sanyaya ruwa. Sai ka juye a roba ka ajiye kusa da gilashin har ɗuminsu ya zo ɗaya, kana tsoma bayan hannu nan ka tsoma can. Sannan ka zuƙi tiyo da baki ka janye na ƙasa mai datti, kaɗan kawai, ka mayar da kwanannen a hankali ta jikin gilashi. Ni kuwa da na yi jegon Rabi ban ji ka taɓa tambaya ko ruwan wankana ya yi zafi ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ina son kallonka a lokacin nan. Tsaki nake yi in wuce, gaskiya ne, amma daga bakin madafa nake satar kallonka. A kasuwa fuskarka a ɗaure take, muryarka har layin masu tumatir ake ji. A gaban randunan nan kuwa sai ka koma wani mutum mai sanyin hannu, wanda ba ya gaggawa, ba ya faɗa. Nakan ce a raina wannan ne mijina, wancan na kasuwa na mutane ne. Me ya hana ni faɗa maka? Kunya, da kuma tsoron kada ka ƙaro randa ta huɗu.

Da 'yan tawaye suka shigo gari, unguwa ta watse. Mu ba mu gudu ba. Ƙafafunka sun kumbura, ba za ka iya takawa har Ngeli ba, masu klando, baburan haya, kuma kowa ta kansa yake yi. Maganin hawan jininka ya ƙare, ba kanti a buɗe, ba hanyar asibiti. Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe. Muna zaune a ƙasa cikin ɗaki, duk lokacin da babbar bindiga ta tashi ruwan gilashin na rawa. Kashegari da tsakar rana bakinka ya karkace. Ka damƙi hannuna, na sunkuya na kawo kunne, ina jiran ka ce mini wani abu, ko ka ba ni saƙo zuwa ga Rabi. Sai ka ce kada a taɓa randar tsakiya, ba ta isa ba tukuna.

Baban Rabi, shekarun da muka yi tare, maganar da ka samu ka bar mini ke nan? Na laƙana maka kalmar shahada, na ga leɓenka na motsi, na gode wa Allah da wannan. Amma ba zan ɓoye maka ba, na ji haushi, kuma har yau bai gama fita ba. Ba harsashi ne ya same ka ba. Waɗanda ke harbin ko sanin an yi ka ba su yi ba.

Mazan da suka rage a layinmu ba su da yawa. Liman ya zo yana bin jikin katanga, da Habu, da wasu dattawa biyu. Ina ɗaki ina jin suna shawara a tsakar gida. Ba ruwa a ko'ina, randar shanmu saura ɗan guntu a gindi, ba kuma wanda zai iya kai wa kogi. Liman ya ce in babu sai a yi maka taimama, addini ya yarda. Ban san lokacin da na ɗaga murya daga bayan labule na ce a buɗe randunan kifi ba. Liman ya tambaya ko ruwan mai tsarki ne. Na ce duk Injamena babu ruwan da ya kai shi tsarki, ko yatsata bai taɓa shiga ciki ba. Da shi aka wanke ka, da ganyen magaryar gidan Liman. An kwashe wadda ta isa, an kwashe sabon ɗiban, aka zo ta tsakiya. Habu ya leƙo ya tambaye ni, don na gaya masa abin da ka ce. Na ce su kwashe. Umarninka na ƙarshe ko wuni bai yi ba na karya shi, kuma ko yau aka sake haka zan yi. Da harbi ya ɗan tsagaita wajen la'asar suka ɗauke ka da sauri.

Da aka watse sai ni da kifaye, suna kai da kawowa suna buɗe baki kamar ba abin da ya faru. Na tsane su ranar. Na ce ko ta kansu ba zan bi ba. Amma kwanaki kaɗan ruwan ya fara duhu, suka taru a sama suna haki, sai na ga ba zan iya kallo ba. Mutum ya mutu da maganar abu a bakinsa, ai ya zama amana ko ba a ce amana ba ne.

Ashe duk satar kallon nan karatu nake yi. Hannuna ya san komai. Sai dai kai kana yi ne a lokacin zaman lafiya da famfo mai zuwa kullum, ni kuwa ina takaba, ba fita, sai abin da ya iso ƙofa. In famfo ya kawo, unguwa duka a tsakar gidanmu take taruwa tunda namu ne ya fi ƙarfi, in yi layi da bokiti a gidana kamar baƙuwa. In bai kawo ba sai na masu turo jarkoki, shi kuma ba ka san daga ina ya fito ba, wani ja wur da laka, wani an ɗura masa jabel da hannu. Na laka in tace da mayafi in bar shi ya kwanta. Na jabel in ƙara masa kwana, in yi ta shinshinawa. Ɗan injin nan mai hura musu iska ya zama ado tunda ba wuta, ni ce injin, in zauna da moɗa ina ɗagawa ina tsiyayawa har kafaɗata ta riƙe. Zafin bazarar bana kuwa ba a magana. Na jiƙa buhu na lulluɓe gilashin, kafin in juya ya bushe. Ranar farko da na zuƙi tiyo ruwan dattin ya cika mini baki, na yi ta kakari, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ranar jana'izarka ba.

Mata masu zuwa gaisuwa sukan same ni a gindin randa, su gaishe ni su kalli juna. Na san abin da suke faɗa in sun fita. Ban damu ba. Ko ɗaya bai mutu a hannuna ba duk tsawon zafin nan, ka rubuta mini wannan. Amma na gaji, Baban Rabi. Gajiyar da barci ba ya cirewa. Kullum akwai randar da ke jira, kullum akwai wadda za ta isa jibi. Kai yaya ka yi ba ka taɓa ƙosawa ba?

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka san maƙwabciyarmu Ashta, Balarabiyar Shuwa, wadda ƙamshinta ke riga ta shiga gida. Ta daɗe a Kusuri wajen danginta, sai kwanan baya ta dawo. Ta tarar da ni kwance da zazzaɓi, ko kaina ba na iya ɗagawa. Baiwar Allah ta ɗaura ɗamara, ta share gida, ta dama mini kunu, ta turara ɗakuna da labule da tabarmi har da zannuwana na takaba, ina cewa mai takaba ba ta sa turare tana cewa ai na ɗaki ne. Tana cikin aikinta ta kai ga randunanka. Ta ji labarin da su aka yi maka wanka. Ta leƙa ta ga gansakuka a jikinsu, ba marfin kirki, sai tsumman gidan sauro. A wajensu kuwa ka sani, randar da ba a turara ba randar ƙazama ce, balle wadda aka yi hidimar gawa da ita. Ta zubar da ruwan, ta dirje su da sabulu da soso, ta kifa kowacce a kan kaskon turaren wuta har hayaƙi ya shige ta, ta saya mini ruwa ta cika su fal, ta mayar da gidan sauron yadda ta same shi. Ba ta gaya mini ba, don ba ta ga abin faɗa a ciki ba. Wa ke zuwa ya ce na wanke miki randa?

Da na samu sauƙi na leƙa na ga ruwa garau. Na tambaye ta, ta ce ita ta ɗebo, ranar kaza. Na yi mata godiya, na ƙirga kwana, har na ƙara ɗaya don in tabbata. Ƙamshi kuwa gidan duka ƙamshi yake, hancina ya riga ya saba, ban bambance ba. Na juye a roba, na daidaita ɗumi, na janye na ƙasa, na zuba a hankali, komai yadda kake yi. Ban san kwana jabel kaɗai yake kora ba, ba ya korar sabulu, ba ya korar turare.

Kafin azahar kifayen suka fara juyawa. Jajayen nan masu dogon wutsiya da ka fi so su suka fara tafiya, sannan masu ratsin. Na tsaya ina kallonsu suna tasowa da ciki sama ɗaya bayan ɗaya. Ga maganar da ba zan iya gaya wa kowa ba sai kai: abin da ya fara zuwa mini ba baƙin ciki ba ne. Na ji kamar an sauke mini kaya daga ka. Na ce a raina shi ke nan, na huta, ba da hannuna ba, ba da gangan ba, ba wanda zai ce na ci amana. Ina cikin wannan sai na ga motsi a ƙasa cikin duwatsu. Mummunan nan mai manne baki a gilashi yana nan, da wasu ƙananan masu launin toka da ko suna ba ka sa musu ba. Wallahi da na gan su gabana ne ya faɗi.

Duk da haka na ƙwala wa Ashta kira. Da ta gane abin da ya faru ta ɗora hannu a ka, tana ta cewa wallahi akti, wato 'yar'uwa, ita alheri ta nufa, uwarta haka take yi, kakarta haka take yi, ba ta taɓa jin turare ya kashe wani abu ba. Me zan ce mata? Ana yi wa mutum faɗa don ya wanke maka randa? Na ce mata kukan ya isa, ruwa nake nema wanda ya kwana kuma ba a turara ba. Ta fita ko takalmi babu. Gidajen layin duk na turararrun randuna ne, sai a masallaci ta samu, a tulun alwalar da Liman ke cewa kullum zai sa a wanke bai sa ba. Da shi muka tsamo waɗanda suka rage.

Randunanka kuwa sun tashi daga aiki. Yumɓu in ya sha ƙamshi ba ya saki. Na jiƙa, na zubar, na shanya a rana, har yau in ka sa kai ciki sandal kake ji. Suna nan a jere ba komai a ciki. Na koma kwanar da ruwa a wata babbar roba da Habu ya kawo.

Ashta ba ta bar maganar a nan ba. Ta je Dembe ta sayo sabuwar randa, ɗanya, ta kai ta can bayan ɗakinta nesa da kasko, ta hana kowa zuwa wajen. Kullum da safe sai ta shigo ta ce in koya mata. Ka san abin da zai ba ka dariya? Ta daina shafa humra a hannu. Ashta fa. Takan wanke hannu har gwiwa da ruwa zalla, ta miƙo mini in shinshina kafin ta taɓa moɗa. Mijinta ya ce da Habu shi bai gane matarsa ba, ta shigo ɗaki bai ji shigowarta ba. Tana da garaje, takan zuba ruwa da ƙarfi sai na riƙe mata hannu, amma tiyo ta fi ni iyawa, ba ta taɓa haɗiya ba. Ta ce mini in dai zan tafi in bar mata su, kalas, magana ta ƙare, ita ta kashe 'yan'uwansu ita za ta riƙe su. Na ce mata ba inda zan je. Haka na ce da Yaya Audu ma shekaranjiya.

Yau da hantsi famfo ya kawo ruwa, da ƙarfin da rabon da ya yi tun kana nan. Kafin ka ce me tsakar gida ta cika da mata da bokitai. Robar kwanar da ruwa ba komai a ciki, jiya na kwashe ta, yau ne ranar cikawa. Na ɗauki bokiti na shiga layi. Da layi ya zo kaina na tsaya ina kallon ruwan na zuba. Ruwan da aka tara yau sai an yi kwanaki zai yi amfani, wanda ya tara shi kuma dole yana nan ranar. Sai na ji hannuna ya ƙi miƙuwa. Matar da ke bayana ta ce in tara mana, kada ya ɗauke. Na matsa gefe na ce ta tara. Na koma bakin ƙofar ɗaki na zauna da bokitina a kife, har kowa ya gama. Ashta na cikin layin, ta dube ni, ta dubi robar. Ta cika nata ta kai gida ta juye a sabuwar randar, ta dawo ta sake cikawa, ta sake dawowa.

Na aika wa Yaya cewa ya nemi mota, ranar da na fita takaba za mu kama hanya. Gobe Habu zai zo da mutane su ɗauki gilashin zuwa gidan Ashta. Na gaya masa a rage ruwan kafin a ɗaga, a riƙe ta ƙasa, kada a yi gudu.

Na yi iya yina, Baban Rabi, Allah ya sani. Ba kifin ne ke da wuyar bari ba. Kai ne zan tsallaka gada in bari a ƙasar nan, a kabarin da ban ma san gefen da yake ba. Ka yafe mini, ni ma na yafe maka maganar randar tsakiya. Allah ya jiƙanka, ya haɗa fuskokinmu a inda ba a gudu.

Sai mun zo.

Ni ce matarka,
Uwar Rabi